Dokar Inci Tara

Duk shekara, daga farkon Maris zuwa ƙarshen Afrilu, ba ni da sauran kunne a gidan abincina. Lokacin ne manyan ƙungiyoyin ƙwararru ke shirin zaɓar yaran da suka gama wasan ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu, a jami'a, kuma lokacin ne tsofaffin nan uku na teburin bakin taga suke komawa masana. Ba wanda ya tambaye su. Ba ƙungiyar da ta san akwai wani gari wai shi Pickett's Ferry a jihar Alabama, balle ta aiko neman shawara. Amma ƙarfe bakwai na safe za ka same su sun baje jarida a gefen faten masara, suna yanke wa 'ya'yan mutane hukunci kamar su suka haife su.

Kowa da ma'auninsa. Lucius mai gyaran taya suna yake dubawa. "Wannan sunan ba zai zauna a bayan riga ba," in ji shi, shi ke nan yaro ya faɗi, ko da ya fi barewa gudu. Odell Boykin kuwa idonsa ya yi rauni, rabonsa da ganin wasa sosai an yi shekara goma, don haka hira yake saurara. Yaron da ya gode wa uwarsa kafin kocinsa, a ɗauke shi a zagayen farko. Wanda ya ce "ni" sau uku a jere, ya je ya sayar da inshora.

Babbansu shi ne Mista Cleon Pettway, mai dokar inci tara. Shi bai damu da masu gudu ko masu ture juna ba, majefi kawai yake kallo, yaron da ke riƙe ƙwallo ya cilla wa sauran, wanda duk wasan ke rataye a wuyansa. Dokar kuwa ɗaya ce: a buɗe hannun yaro, a auna daga kan babban yatsa zuwa kan ƙaramin. In bai kai inci tara ba, a manta da shi, don ranar ruwa ƙwallo za ta suɓuce masa kamar sabulu. Shekara talatin yana faɗin haka. Ya faɗa a harabar coci, ya faɗa a gidan makoki, ya faɗa a rediyon gundumarmu inda yake bugo waya duk Jumma'a. Yaran da ya binne da bakinsa sun isa cika motar makaranta biyu.

To, bana jikansa Tavion ne ya shiga layin zaɓe. Uban Tavion ɗan Mista Cleon ne, uwarsa kuma 'yar Odell ce, ka ga tebur ɗaya kakanni biyu. Amma kowa ya san yaron na Cleon ne. Shi ya rataya tsohuwar taya a bishiyar bayan gidansa, ya tsayar da yaron yana jefa ƙwallo ta cikinta tun bai iya ɗaure takalmi ba. Daga nan Tavion ya tafi wata ƙaramar jami'a a Tennessee, ya yi shekara uku yana majefinsu, har aka gayyace shi makon awo, inda ake tuɓe yara a bar su da gajeren wando, a auna su ciki da waje kamar raguna a kasuwa.

Muna zaune talabijin ta nuno sakamakon. Tsawo ya yi. Nauyi ya yi. Hannu, inci takwas da bakwai bisa takwas. Abin da ya rage masa ya cika tara bai fi kaurin tsinken ashana ba.

Mista Cleon ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar kofinsa ko rabi bai sha ba.

Washegari ya dawo da hujja. Wai garin da aka yi awon akwai sanyi, sanyi kuma na tsuke hannu. Lucius ya tuna masa cewa bara wani yaro ya kawo wannan uzurin, shi Cleon ya ce a rediyo, "In sanyi na tsuke masa hannu, ya je ya yi wasa a gidan burodi." Bayan kwana biyu ya ce tef ɗinsu ne na bogi. Mako na biyu ya fara zuwa yana warin man zafi da yauƙin kuɓewa, hannun dama a cikin aljihu, yana cin abinci da hagu yana ɓata mini tebur. Ashe maganin miƙar da yatsu yake gwadawa a kansa kafin ya aika wa yaron. Matar maƙwabcinsa ta ce ta hango shi a baranda da dankali a matse tsakanin yatsu.

Duk wannan dariya ce, na yi abata har da hawaye. Abin da ba dariya ba shi ne, tun ranar awon bai ɗaga wayar Tavion ba. Sai ni yaron ya kira, ina tsakiyar wanke tukwane.

"Mis Vernell, Kaka lafiyarsa kuwa?"

"Garau. Jiya ma ƙwai huɗu ya ci."

"Da na so in zo gida ranar Asabar ɗin zaɓe, mu kalla a wurinki, kowa da kowa. In za a kira sunana, a ranar ne, can zagayen ƙarshe-ƙarshe. Amma in ganina zai ba shi kunya, gara in zauna a nan."

Raina ya ɓaci sosai. Yaron nan a kan kujeruna ya girma, ni na sha goge masa majina. A ce ranar da ta fi kowace rana a rayuwarsa ya zauna shi kaɗai a ɗakin haya saboda tsinken ashana? Na ce masa ya ba ni kwana biyu.

Ban ma sha wahala ba, Mista Cleon da kansa ya kawo wuyansa. Da safe ya zauna, ya gyara murya, ya dubi Odell.

"Na yi tunani, surukina. Abin nan gado ne. Mu Pettway hannunmu kamar shebur yake. Daga wajenku ya ɗauko."

Odell ya ajiye cokali. "Daga wajen wa?"

"Ka tuna ƙanwarka Earline? Hannu kamar na 'yar tsana. Da hannu biyu take ɗaukar lemo."

"Earline ciwon gaɓɓai ne da ita, tsohon banza!"

"Ni dai na faɗa. Tun ranar ɗaurin auren na lura, na yi shiru ne don zumunci."

"Kai ka yi shiru? Yaushe? Ko a wurin jana'izar matarka sai da ka auna hannun fasto da ido!"

Lucius ya shiga tsakani da tasa hikimar. "Ni tun farko na ce matsalar sunan ce. Da Tavion Boykin ne, da..."

"Rufe mana baki, Lucius," suka ce tare.

Ni kuwa ina ɗinka rigunan mawaƙan coci in na tashi aiki, don haka tef ba ya rabuwa da aljihuna. Na zaro shi na shimfiɗa a tsakiyar tebur.

"Gani ya kori ji. Kowa ya kawo hannu."

Odell ya buɗe nasa. Inci goma da kwata, hannun mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaukar katako. Lucius, da ba jikansa ba ne, ba kuma wanda ya gayyace shi, ya miƙo nasa, tara da rabi, ya kama murna kamar an ɗauke shi wasa. Saura mutum ɗaya.

"Ni ba ɗan wasa ba ne," in ji Mista Cleon, ya tura hannuwa biyu ƙarƙashin cinya ya zauna a kansu.

Sai a lokacin na tuna, a shekara ashirin da shida da na yi ina ba mutumin nan kofi, ya auna hannun ɗan aike, ya auna na mai wa'azin baƙo, ya auna na jaririn Lucius ranar da aka kawo shi coci, amma ban taɓa ganin tef a kan nasa ba.

"Ashe wanzami ba ya son jarfa," na ce.

"Vernell, kawo mini kofi, ki daina shiga maganar maza."

"Maganar maza? A gidana? Fito da hannun nan, Mista Cleon, ko kuwa ranar Jumma'a ni zan bugi rediyo in gaya musu labarin dankali."

Odell ya ce, "Wane dankali?"

Nan fa tsohon ya harzuƙa. Ya zaro hannu ya daki tebur da tafi buɗe. "Na ce hannun Pettway..." Bai lura ba, Lucius ya zubar da zuma a kan jaridar. Da ya ɗaga, ga shatin yatsu biyar raɗau a kan hoton wani majefi ɗan Texas da ya gama yi wa tatas jiya. Na ɗora tef kafin ya yi motsi.

"Takwas."

"Ƙarya ne! Ban buɗe ba! Zuma na tsuke hannu!"

"To buɗe."

Ya buɗe. Allah ya gani ya yi ƙoƙari. Ya miƙe tsaye, ya danna wuyan hannun da ɗayan, jijiyoyi suka tashi a goshinsa, ƙaramin yatsan na rawa. Mako biyu na kuɓewa da dankali duk ya zuba su a wurin. Na ba shi duk abin da tef ya yarda, har na ɗan ƙara masa don tsufa.

"Takwas da kwata."

Odell ya yi dariya har sai da haƙoransa na roba suka zamo, ya tare su da hannu. Lucius ya fita waje ya riƙe sandar fitilar titi don dariya. Ni ban yi ba, don na ga fuskar Mista Cleon. Ya zauna a hankali yana kallon hannun kamar yau aka ba shi aronsa.

"Laifi tudu ne," na ce masa. "Fito da wayarka."

Bai yi musu ba. Da yake kunnensa ɗaya ya mutu, wayarsa kullum a buɗe take magana, duk ɗakin na ji. Ƙara ɗaya yaron ya ɗauka.

"Kaka?"

"Kai, mai guntun hannu."

"Na'am, tsoho mai gudun waya."

Mista Cleon ya yi tari. "Abin nan... ba daga wajen su Odell ba ne. Nawa ne. Yanzu aka auna ni. Ni na ba ka."

"Ai na sani, Kaka."

"Ka san me?"

"Takwas da kwata. Tun ina shekara goma na auna ka, kana gyangyaɗi a baranda bayan coci. Da rular makaranta."

Odell ya sake fashewa, na make shi da tsumman goge tebur.

"Shekara goma sha biyu ka san wannan, ba ka faɗa ba?" in ji Mista Cleon.

"Da na faɗa, da ka kori kanka daga gidan. Ni dai tun ranar na fara miƙa nawa. Duk safiya sai na buɗe shi a kan katakon barandarka na danna, in na tafi makaranta in yi a gefen gado. Likitan ƙungiyarmu ya ce da ban yi ba, da a wajen naka zai tsaya." Ya ɗan yi dariya. "Saura ƙiris in cika maka taran, Kaka. Na yi iyakar yina."

Ba wanda ya ƙara dariya. Man da na bari a wuta ya fara ƙauri, ban je ba. Shekara goma sha biyu yaro na danna yatsunsa a katako saboda wata magana da tsoho ke faɗa don ya burge teburin kofi. Na so in ɗauki kaskon in sauke wa tsohon a ka, na kuma ji tausayinsa ya kama ni.

"Kaka, in tambaye ka? Kar ka yi mini kara. Da kai ne mai zaɓen, za ka ɗauke ni?"

Mista Cleon ya dubi Odell, ya dubi Lucius da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Mutanen da ya yi shekara talatin yana karanta wa doka ke nan, duk sun zuba masa ido.

"Zagayen farko," ya ce. "Na farkon farko. Ko ruwa ake da ƙanƙara."

"Dokar fa?"

"Wani wawa ne ya kafa ta. Ka zo gida ranar Asabar, ka ji ko? Ka zo gida."

"Ina nan tafe, Kaka."

Wayar ta mutu. Tsohon ya ɗaga hannun nan mai danƙon zuma ya rufe fuska don kada mu ga abin da ke zubo masa. Amma takwas da kwata ba ya rufe fuskar babban mutum. Duk mun gani.