Sawun Taya a Gonar Hodi

...to wa ya ce masa ya kafa tuta? Yari na bisa tarakta, rana na dukan ƙeyarsa, ga farin tsumma can a kan sanda yana kaɗawa a gonar yayansa Hodi. Kamar har yanzu zamanin gwamnati ne, ka kafa tsummanka, mota ta bi fadamar Gulma gona bayan gona, ba a tsallake kowa. An sayar, Yaya! An yi gwanjo a Birnin Kebbi, ni na saya... gidana na Badariya ya tafi a kanta, kai me ka sayar?

Ta kowa ce, wai. Sa'ad da take ta kowa ba wata da watanni take kwance babu taya ba? Mai ya bi jarka ya shige kasuwa, shi direba yana gindin bishiya yana cin albashin barci, sai ruwa ya cinye fadama a ce su je huɗa. Yanzu ko tari ta yi ba ya runtsawa. Kullum tana tashi. Wannan ba alheri ba ne? Wanda ya biya a yi masa, shi ke nan — mene ne na tsare mutum da ido haka?

An ce gulbi ya taso, yana tafe daga Argungu. Gonar da ba ta sha iri ba kafin ya iso, sai baɗi. Hodi ya sani. Shi ya koya wa Yari wannan, a nan, yana ɗauke da shi a wuya, ruwa iya ƙirji — kai, bar wannan. Shanun huɗar Hodi fa? Ya sayar tun shekarar da motar gwamnati ta zo, har da dariya, wai an huta. To, huta.

"Yari, kai na? Ba ka ga tuta ba?"

Muryar Hodi ce. Yari ya gani sarai. Ya ɗage garma sama, ya ratsa tsakiyar gonar, don nan ce hanya mafi kusa zuwa ta Alhaji Atiku, wanda ya biya. Kada ka waiwaya... ya waiwaya.

Tsohon na biye da shi a duƙe, ƙwarya a hannu. Me yake — iri yake zubawa. A sawun taya. Inda haƙoranta suka farfasa busasshiyar laka, siraran layi biyu, nan yake shuka shinkafar gidansa, yana rufewa da diddige, hayaƙi na cika masa ido. Ko zagi babu. Da ma ya zage shi!

Hannun Yari na kan ƙarfen sauke garma. Turawa ɗaya ce. Amma in ya sauke wa wannan, gobe fa? Duk fadamar dangi ne, kowa da bakinsa... Hannun ya yi nauyi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Iyakar gonar na matsowa, sawun na ƙarewa, ƙwaryar Hodi kuwa ko rabi ba ta yi ba...