Raba-gardama Mai Fenti

"Riƙe shi da kyau, tela, zamewa yake yi!" in ji matar mai fenti.

Tela ya ƙara tallabo kafaɗar maƙwabcinsa a kujerar bayan tasi. Tari ya sake turnuƙe mai fenti, ya bar jan ɗigo a hannun rigar tela. Ɗakinsu a jikin na tela yake a gidan haya, tun bara kuma tela yake jin tarin nan ta bango, amma jini sai yau ya gani.

A unguwa ba a kiran mai fenti sai Raba-gardama. In musun siyasa ya kaure a bakin shago, shi sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ku kuna da gaskiya, su ma suna da tasu." Da ma'aikatan garejin da yake fesa wa motoci fenti suka ajiye aiki, suna neman takunkumin hanci da magani, bai bi su ba, bai kuma zage su ba. Ya ci gaba da feshi da tsumma ɗaure a hanci, yana kai-komo tsakaninsu da maigida.

A asibitin gwamnati aka kwantar da shi kan benci a baranda. Ma'aikaciyar jinya ta saurari ƙirjinsa, ta ja tela gefe.

"Iska yake buƙata, tukunyarmu ta ƙarshe kuma tana kan wani. Asibitin kuɗi na tsallaken titi suna da ita, sai dai ba sa karɓar mutum sai wani mai ƙarfi ya tsaya masa."

Tela ya tuna da mai garejin. Ya juya zai fita, mai fenti ya kama bakin rigarsa.

"In wurin maigida za ka, kada ka roƙe shi," ya ce da ƙyar. "Mutumin da ya fara da guduma ɗaya, ba uwa ba uba a sana'ar, ba ya son roƙo."

"Kai dai ja numfashinka, yaya."

Gidan mai garejin yana can inda titi ba rami. Sai da maigadi ya gama kallon silifas ɗin tela kafin ya buɗe. A baranda wani tsoho yana zaune cikin keken marasa lafiya, an rufe masa ƙafafu da bargo. Maigida ya sauko yana kaɗa makullin mota, ya saurari tela yana duban agogo.

"Wallahi na tausaya," ya ce. "Amma in na tsaya masa yanzu, masu yajin aikin nan za su ce na amsa laifi. Ni ba na son zafin kai daga kowane ɓangare. Bari a zauna tukuna, kowa ya sassauta."

"Ranka ya daɗe, numfashinsa ba zai kai zaman ba."

"Kowa da ƙoƙarinsa, malam. Ni da ka gan ni, ba wanda ya ɗaga ni."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Kai? Garejin da na miƙa maka da filinsa da ma'aikatansa, ranar da ka dawo daga karatu?"

"Baba, lokacin maganinka ya yi." Maigida ya shige mota, ya sauke gilashi kaɗan. "Je ka, zan yi waya."

A hanyar dawowa motoci suka cunkushe. Tela ya sauka ya kama gudu.

Ya tarar da mai fenti leɓɓansa sun yi baƙi, matarsa tana yi masa fifita da kwali. Makaniken da ke jagorantar yajin aikin ya iso tare da abokan aikinsa, hannunsa duk baƙin mai, yana huci.

"Me ya ce?" mai fenti ya tambaya.

Maganar tsohon ta zo wa tela har baki. Ya dubi idanun maƙwabcinsa, ya haɗiye ta.

"Ya ce zai yi waya."

"Ka gani? Mutumin kirki ne." Ya juya ido ga makanike. "Ku ma... kada ku zafafa."

Makanike ya juya ya fita. Ya tsallaka titi da sauran ma'aikatan, suka tsaya wa asibitin kuɗin a ƙofa, har ɗayansu ya ajiye babur ɗinsa jingina. Tela yana hango su daga baranda, yana ƙara matse hannun mai fenti. Da suka turo gadon marasa lafiya ta cikin motoci suna ihu a ba su hanya, hannun ya riga ya saki. Matar ta ci gaba da fifita har sai da ma'aikaciyar jinya ta karɓe kwalin.

Maigida bai yi waya ba. Washegari ya aiko direbansa da gaisuwa.

Da ɗakin ya yi wa masu gaisuwa kaɗan, matar ta kira tela ya taya ta janye gado. A bayan gadon suka ga wani allon katako jingine, fuskarsa ga bango. Tela ya juyo shi. An shafe shi da shuɗin fenti mai sheƙi, an rubuta da fari: GAREJIN RABA-GARDAMA, FESHI DA GYARA. A ƙasa an ja layi inda adireshi zai zauna, ba a rubuta komai ba.

"Ban san da shi ba," matar ta ce a hankali.

Ta sa bakin mayafinta ta share ƙurar da ke kan haruffan.