Harshen Bahago

Dioris Lantigua bai shiga besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, da niyyar zama mai jifa ba. A filin Papo, can bayan gonakin rake na garinsu Consuelo, a bakin fili ake ajiye shi yana tarar ƙwallon da aka buga sama. In aka miƙa masa sanda ya je bugu kuwa, sai ya yi ta sarar iska. Shekarunsa sha huɗu, dogo siriri, da hagu yake komai, shi ya sa kowa ke ce masa Bahago.

Papo, tsohon da ke horar da yaran unguwa yana tallata su ga wakilan ƙungiyoyin Amurka, ya gaji da kallonsa.

"Kai Bahago, ajiye sandar nan, iskar ba ta yi maka laifin komai ba. Hau tudun masu jifa ka jefa wa Chicho."

Chicho shi ne mai cafka, gajere kakkaura, bakinsa ba ya hutawa. Ya tsuguna, ya buɗe safar hannunsa. Jifar farko ta wuce ta saman kansa ta huda kwanon da aka yi shinge da shi.

"Ɗan banza, ni kaɗai ne namiji a gidanmu!" in ji Chicho.

Yara suka fashe da dariya. Papo bai yi ba. Ya je ya leƙa ramin, ya dawo ya ce, "Sake."

Daga ranar Dioris bai ƙara riƙe sanda ba. Yana cika sha bakwai wata ƙungiya ta ɗauke su, shi da Chicho, bayan na'urar auna gudu ta nuna jifarsa ta haura mil casa'in da biyar a awa. Ya sauya wa uwarsa Doña Fefita rufin gida, ya ce ta daina tuyar ayaba da naman salami a bakin titi. Rufin ta karɓa, tuyar kuwa ta ce sai dai ya daina tasa jifar.

Aka tura su wani ƙaramin gari a Amurka inda sanyi ke shiga har ƙashi. Doguwar tafiya a bas, kaza da shinkafa kullum, don su kaɗai ya iya nunawa da yatsa. Amma a kan tudu ba ya buƙatar Turanci. Manyan ƙarti sukan kai sara uku su kuskure, su koma benci suna ƙunƙuni. Aka fara cewa badi ko badin badaɗa zai hau babbar gasa.

Wata rana da tsakar wasa ya saki ƙwallo, ya ji wani abu ya tsinke a gwiwar hannunsa kamar igiyar shanya. Chicho ne ya fara isowa tudun, ya cire abin kare fuska, ya yafito masu jinya.

Aka yi masa aiki, aka ciro jijiya daga ƙafarsa aka dasa a hannun. Fiye da shekara yana matsa ƙwallon roba yana ɗaga ƙarfen da yaro ma zai raina. A talabijin ɗin ɗakin da ake gasa masa hannu ya ga ranar da Chicho ya fara buga babbar gasa. Ya yi masa murna da gaske, abincin ranar dai ya kasa ci.

Da ya dawo, hannun ya warke amma gudun bai dawo ba. Waɗanda da suke tsoronsa suka koma rige-rigen fuskantarsa. Kafin ƙarshen kaka manaja ya kira shi ofis, ya yi masa godiya, aka ba shi tikitin jirgi.

Ya iso Consuelo yana da shekara ashirin da uku. 'Yan acaɓan bakin kasuwa suna ganinsa suka ɗauka: "Ga Ba'amurke! Bahago, ina dalar?" Ya shige gida, ya yi makonni daga gado sai ƙofa. Papo ne ya zo ya zauna a kujerar Doña Fefita, ya cinye faranti guda, sannan ya ɗaga murya.

"Da kana da ƙarfi ba ka da hankali. Ƙarfin ya tafi, fito mu gwada hankalin ko akwai."

Ya koya masa jifa mai sanyi: hannu ya fita da zafi kamar gaske, ƙwallo kuwa ta taho a hankali ta sunkuya a gaban mai bugu. Da lokacin gasar hunturu ya zo, wata ƙungiyar gabas ta ɗauke shi cikon benci.

Wata Lahadi da la'asar aka kira shi tudu, fili cike, ganguna na tashi. Wanda ya fito da sanda Chicho ne, ya zo hutu yana buga wa ƙungiyar babban birni, sarƙar zinare a wuya. Dioris ya jefa masa mai sanyin. Chicho ya jira ta kamar an aiko masa da saƙo, ya ɗauke ta, ta fita fili gaba ɗaya ta faɗa wajen ajiye motoci, shi kuwa ya zagaye fili da gudu ya ci maki.

Washegari sai ga Chicho a teburin Doña Fefita, ya faka ƙatuwar mota a kan kwata.

"Mami, a ƙaro salami, ɗanki ya sa ni gudu jiya." Ya juyo ga Dioris. "Mutumina, kai fa har yanzu sakarai ne. Duk sanda za ka jefa mai sanyin nan sai ka zaro harshe kamar kare."

"Ƙarya kake."

"Tambayi Mami. Haka kake yi in kana ɗaura takalmi tun kana yaro."

Doña Fefita ta gyaɗa kai ba ta bar kaskonta ba.

"To me ya sa ka faɗa min? Za mu sake haɗuwa fa."

"Don na ci abincin gidan nan ya fi a ƙirga. Kuma ko ka haɗiye harshen, sai na buge ka."

Suka sake haɗuwa kafin Kirsimeti, wasa kunnen doki, saura mai bugu ɗaya a fitar a rufe zagayen. Chicho ya kuskure biyu, saura ɗaya. Dioris ya ɗaga ƙafa, ya zaro harshe har haɓa. Chicho ya gani, ya saki jiki yana jiran mai sanyi. Dioris ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage a hannun ya aika ta a miƙe. Kafin Chicho ya motsa sanda, ƙwallo ta shige safar mai cafka.

Chicho ya tsaya baki buɗe, sannan ya nuna shi da sanda yana ihu, "Maci amana! Allah ya isa!" Dariya ta hana shi ƙarasawa.

Dioris ya gama gasar da kyau. Amurkawa ba su sake nemansa ba, amma wani wakili daga Taiwan ya zo har filin Papo, ya ce suna neman bahago mai wayo. Dioris ya sa hannu. Doña Fefita ta tambaya ko Taiwan ɗin ta fi Amurka nisa, aka ce nesa ba kusa ba. Tana juya ayaba ta ce ya je ya yi aski kafin ya tafi, kada ya je wa mutane da wannan kan.

Ya yi shekara shida yana jifa a can.