Inda Inuwa Za Ta Kwanta

Ƙarfe uku na rana, zafi kamar an kifa wa gari kasko, ina durƙushe a bakin mahaɗar titi da alli a hannu. Gabana sandar tsintsiya ce a kafe cikin bokitin yashi, na ɗaura mata kwalaye biyar kamar rassa. Kwana uku ke nan ina zana inuwarta a ƙasa, kowace awa layi ɗaya.

"Kai ɗan nan, faci aka koya maka ko zane?" in ji Baba, yana soka allura a bakin takalmi. "Tayoyin mutane na can suna jiranka."

Shekara ashirin Baba yana gyaran takalma a nan ƙarƙashin wata bishiya, har aka sare ta don faɗaɗa titi. Tun lokacin jiri ke ɗibarsa da rana. Likita ya ce ko ya sami inuwa, ko ya zauna a gida.

Sai hukuma ta ce za ta kafa bishiyar ƙarfe a wurin, ganyenta farantan sola, ta ba da wuta da inuwa. Aka manna zanen a allo, aka ce kowa ya rubuta ra'ayinsa ya jefa a akwati. Wasu sun nemi fenti kore, wasu wurin cajin waya. Ni abin da na gani, an sa wurin zaman masu sana'a yamma da gindin. Da hantsi lafiya lau. Amma rana na karkatawa, inuwar za ta tsallaka gabas ta kwanta a kan kwalta, ta bar mutane.

Sau biyu na gwada rubutawa, na yaga. Rubutuna in ya kwana, ko ni ba na gane shi.

Ina nan durƙushe sai injiniyar da ta yi zanen ta sauko daga mota, ta ɗauki akwatin za ta wuce. Na sha gabanta a hankali.

"Ka jefa takardarka?" ta tambaye ni.

"Tawa ba ta shiga akwati, ranki ya daɗe. Ga ta nan a ƙasa."

Ta dubi agogo, ta dubi tsintsiyar. Na nuna mata layin ƙarfe goma, na sha biyu, na biyu, da inda Baba zai zauna.

"Farantan nan dole su kalli rana," ta ce. "Ba zan juya su ba."

"Ban ce a taɓa ganye ba. Gindin za a matsar yamma, bayan masu zama. Taku goma."

"Akwai bututun ruwa a can."

"To, takwas."

"Ciniki muke yi?"

"Haka yake tun yana goye," in ji Baba. "In ya kama abu, sai dai ki yanke hannun."

Ta ajiye akwatin, ta ciro tef, ta ba ni bakinsa na ja. Muka auna sau biyu. Taku shida ne kafin bututun. Ta yi lissafi a wayarta, ta ce a haka inuwa za ta rufe wurin zaman tun daga ƙarfe ɗaya har la'asar.

Ta ɓalle zanen daga allo, ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta soke tsohon gindin da jan biro, ta fara zana sabo. Hasken farar takardar yana kashe mata ido. Baba ya miƙe a hankali, ya zare kwali ɗaya daga kan tsintsiyata, ya riƙe mata shi a saman kai. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da zane.