Cokali a Bakin Ƙofar Injin Ƙwai

Jikata ce ta haɗa wa kawunta injin ƙyanƙyasa. Ƙwaƙwalwarsa wata 'yar aba ce da ba ta fi farce ba, ita ke kunna hita, ita ke kashewa. Ranar da nake ba ku labari ƙwai sun kusa ƙyanƙyashewa, sai hita ta ƙi kamawa, akwati yana ta hucewa.

Ɗan nawa, wato kawun nata, ya kasa zama. Ya shiga, ya fita, ya taɓa ƙwai, ya dubi silin.

"Injiniya, 'ya'yana za su mutu fa!"

"Kawu, matsa mini, ka tsare haske."

Ta jona kwamfutarta da injin tana dannawa. Ni ma na tashi na zauna ya fi a ƙirga.

"Abin da ransa," in ji ta. "Ƙofa ce ke ta kiransa. Na tsara cewa in an buɗe ta, ya ajiye komai ya amsa. To kiran nan ba irin na ƙwanƙwasa sau ɗaya ba ne, Kaka. Muddin ƙofa na buɗe, kamar an danne ƙararrawa ne an ƙi ɗagawa. Yana gama amsawa sai ya sake jin kira, bai samun sukunin komawa kan hita."

"Ai ƙofar a rufe take," in ji kawun.

Ta sunkuya ta leƙa. Sai ga cokalin shayi an soke a gefe.

"Wannan fa?"

Ya sosa ƙeya. "Don su sha iska. Mai rai ai sai da numfashi. Haka nake yi tun a tsohon injin."

"Tsohon injin ba shi da kunne!"

Ta kai hannu za ta zare cokalin, ya riƙe ta. Wai ko sama da ƙasa za su haɗu cokali ba ya fita. Ta harare shi, ta dubi ma'aunin zafi yana sauka, ta koma kan kwamfuta tana mita. Ta gyara umarnin: in ƙofa ta kira, ya amsa sau ɗaya, ya toshe kunnensa ya koma aiki, yana leƙawa jefi-jefi, sai ta rufu ya sake saurare.

Hita ta yi ƙas, jan haske ya kama.

Zafi ya hau. Can ɗan nawa ya ɗauki ƙwai ɗaya ya kara a kunne. Ya daɗe, sannan ya miƙo mini. Daga ciki ana ƙwanƙwasawa a hankali.