Amawalin Farfesa

Musa sakatare ya ja Kaltuma gefe a bakin ɗakin jarrabawa, ya tsaya inda za ta ga leɓensa sosai.

"Yaya Kaltuma, na duba dosiyenki, takardunki duka. Digirin lisans akwai, shekarun koyarwa akwai, takardar likita ba ta ce komai kan kunne ba. Saura jarrabawar baki. Ki karanta bakinsu, ki amsa, ki fito. Kada ki ce ke kurma ce."

"In sun tambaya fa?"

"Ba za su tambaya ba."

Mahaifinta, Ɗan Azumi baduku, yana zaune a benci, hannunsa duk jan rini na fata. Ya juyo da fuskarsa gare ta kafin ya yi magana, kamar yadda ya saba.

"Uwata, shekara ashirin ba mu ɓoye ba. Yau ma ba mu fara ba."

Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana da shekara tara. Muryarta ta zauna, sai dai ta yi kauri. Tun lokacin Ɗan Azumi ya sa ta riƙa kallon kowa a fuska. Matan Birni suka ce yarinya ba ta da kunya. Ya ce su ji da nasu 'ya'yan.

Yanzu shekararta shida tana koyar da kurame a wata lakwal, makarantar boko, a unguwar Kara-Kara. Bana aka ce ajin sai mai digirin masta na koyar da yara masu buƙata ta musamman. In ba ta shiga karatun masta bana ba, za a ba wani yaranta goma sha huɗu, ko da bai iya maganar hannu ba. Sharaɗin shiga a rubuce yake a jikin ƙofa: malamai uku za su yi tambaya, kowa ya ba da maki cikin ashirin, a haɗa a raba uku. Wanda bai kai sha biyu ba, ya koma gida. Ba tafinta, ba rubutu.

Aka kira sunanta.

Madam Fanta na dama, Mushe Inusa, kamar yadda ake kiran malami namiji da Faransanci, na hagu. A tsakiya shugabansu ne, Farfesa Abdul'aziz, mai sarauta a fada. Daga gaisuwa ya taho, bai tuɓe ba. Rawaninsa fari tas, amawali ya rufe masa baki har ƙasan hanci.

Madam Fanta ta tambaye ta yadda ake gane yaron da ba ya ji tun kafin ya shiga aji. Kaltuma ta amsa da Faransanci, ta kawo misalin yara biyu. Mushe Inusa ya yi tasa kan koya wa kurma lissafi. Ta amsa har ya bar rubutu yana kallonta.

Sai ta ga ƙyallen amawali yana motsi. Ya motsa, ya motsa, ya tsaya. Duka ukun suka zuba mata ido.

Tana iya gyaɗa kai ta ɗauko wata amsa daga littafi, wataƙila ta dace. Tana iya kallon Madam Fanta ta roƙe ta da ido.

"Ranka ya daɗe," in ji ta da Hausa, "ka sauke amawali. Ni kurma ce. Da ido nake ji."

Mushe Inusa ya sunkuyar da kai. Amawalin ya sake motsi, da sauri wannan karon.

"Ban san abin da ka ce ba, ranka ya daɗe. Ko zagi ne, bai iso ba."

Madam Fanta ta juyo ta faɗa a hankali: "Ya ce doka ta ce jarrabawar baki ce."

"To ga nawa a buɗe. Na amsa biyu. Yaran da za ku aika mu wurinsu, duk irina ne. In wanda zai auna ni ba zai nuna mini baki ba, me za a koya mini a nan?"

Can Farfesa ya sa yatsa ɗaya ya ja ƙyallen zuwa haɓa. Ya maimaita tambayar, doguwa, da Faransanci mai wuya, yana sauri da gangan. Ta kama ta duka. Ta amsa, ba ta sauke ido ba har ta gama.

Bayan la'asar Musa ya fito da takarda, fuskarsa a ɗaure.

"Na gaya miki. Madam ta ba ki sha biyar, Mushe sha huɗu. Farfesa bakwai. Ya rubuta rashin ladabi a gefe."

Kaltuma ta karɓi takardar. Ta haɗa, ta raba uku. Ta sake.

Ɗan Azumi bai iya karatun boko ba. Ya taɓa kafaɗarta.

"Nawa suka ce ana so?"

"Sha biyu, Baba."

"Nawa kika samu?"

"Sha biyu cif."

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Bakwan nasa ne, ya riƙe abinsa. Yaushe ake fara karatun?"

"Litinin," in ji Musa. "Kuma Farfesa ne zai fara shiga ajin."

"To ki zauna a gaba, Uwata," in ji Ɗan Azumi. "Daidai bakinsa."