Ɗigo na Goma Sha Bakwai

Tayyiba Abdussalam tana cire rigar sanyinta ke nan ta ga ɗigon da ke kan taswirar kwamfutarta ya bar inda yake.

Ta zauna a hankali, hannu ɗaya har yanzu cikin rigar. Shekara shida tana wannan aiki a wani ƙaramin ofis a garin Germantown na Amurka, inda tagar bayanta ke kallon jerin motocin babbar hanyar 270. Aikinta karɓar saƙon tauraron ɗan'adam daga abin wuyan da ake ɗaura wa karibu, wata irin barewa mai rassan ƙaho da ke rayuwa a dazuzzukan Kanada. Ba ta taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Ta san su ne a matsayin ɗigogi a kan taswira, kuma a kan idonta garken wani kwari ya yi ta raguwa har ya rage mace guda, mai lamba goma sha bakwai.

Kwana tara da suka wuce abin wuyan ya aiko da alamar mutuwa, wadda yake aikowa idan dabba ta yi rabin yini ba motsi. Guguwar dusar ƙanƙara ta hana jirgin sama zuwa dubawa. Yau da ƙarfe huɗu hukumar lardin da kwarin yake ke jiran takarda da sa hannun Tayyiba. In ta shaida cewa garken ya ƙare, kariyar da aka yi wa kwarin ta faɗi, masu yankan katako su shiga. Itatuwan kuwa sai sun haura shekara ɗari kafin gansakukar da karibu ke ci da hunturu ta rataya a rassansu.

Ta kira Martha a can Kanada, masaniyar dabbobin da ta ɗaura abin wuyan da hannunta. Martha ta ce iska ta lafa, yanzu za ta nemi matuƙi. Kafin ta ajiye waya ta roƙi Tayyiba ta rubuta cewa dabbar tana raye, tunda ga ta tana tafiya.

Tayyiba kuwa ta riga ta buɗe wani shafin na bayanan abin wuyan. Abin wuyan yana auna zafin jikin da yake manne da shi, kuma abin da yake nunawa daidai yake da sanyin iskar dajin.

Gregory, shugaban ofishin, ya leƙo da kofin gahawa a hannu. Ya ce kyarkeci ne ya ɗauke abin a baki, ya sha ganin haka, ta sa hannu a wuce wurin. Ta nuna masa cewa kyarkeci yakan bi miƙaƙƙun hanyoyin da masu neman man fetur suka tsaga a daji, yana gudu. Wannan kuwa yana kauce wa hanyoyin, yana tafiyar mai kiwo. Ya tsaya a wurare uku tun safe, kuma duk ukun wuraren da macen ta haihu ne a shekarun baya.

"To, ko fatalwa ce, akwati biyu ne a takardar," in ji Gregory. "Rayayya ko matacciya."

Ta yi azahar a ɗakin ajiye takardu, tsakanin kwalaye. Ta daɗe a zaune bayan sallama. Abin da ya dame ta shaida ce: an ce ta faɗi abin da ta sani, alhali duk akwatin da ta cike, ta faɗi abin da ba ta gani ba.

Ƙarfe uku da kwata Martha ta kira, muryarta na yankewa cikin iska. Ta ce sun sauka, ta bi lambobin taswirar da aka turo mata, tana tsaye a ƙarƙashin wani tsohon itace.

"Kina kan ɗigon daidai," in ji Tayyiba. "Me kike gani?"

"Dusar ƙanƙara. Sumul take, babu sawu ko ɗaya sai nawa."

"Duba sama, ko ya maƙale a reshe."

"Na duba. Babu komai." Martha ta numfasa. "An cinye gansakukar rassan ƙasa, Tayyiba. Sabon ci ne."

Suna cikin magana sabon saƙo ya shigo. Ɗigon ya matsa taku kamar talatin zuwa arewa, ya tsaya, kamar mai jiran baƙuwa ta tafi. Tayyiba ta ambaci sunan Allah a ranta. Ta ce wa Martha ta koma jirgi tun rana ba ta faɗi ba, kada ta bi shi.

Saura minti goma ƙarfe huɗu ta cika, ta ɗauki takardar ta kai ofishin Gregory, ta ajiye a gabansa. Ya duba akwatunan biyu, ya duba gurbin sa hannu, duk wayam. Ya tuna mata cewa in babu sa hannu, kwarin zai ci gaba da zama a rufe har ƙanƙara ta narke a sake bincike, kuma hukumar za ta so ta san wace ce ta riƙe takardar.

"Ka ba su sunana," ta ce. "Ranar da aka nuna mini gawa zan sa hannu."